Wasiƙa daga Haidarabad: Yaya, maganin da ka ce a sayo darbejiya ce

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya, da Anti da yara, da Inna. Ya kasuwa, ya kuma haƙuri da zafi? Mu nan Indiya lafiya lau. Zafin Haidarabad a watan Afrilu bai bar na Kano a baya ba, sai dai wuta ba ta cika ɗaukewa ba, fanka na juyawa dare da rana. 'Yarka ta shiga makaranta, tana dawowa gida tana cakuɗa mana Hausa da Urdu da Telugu, uwarta ce ke yi mini tafinta.

Saƙonka ya iso tare da hoton robar nan mai koren murfi, wadda ka ce wani abokinka ya sayo a Sabon Gari, mata na rububinta saboda ƙurajen fuska da abin da suke kira wankin jini. Kana so in binciko inda ake yin ta, ko za mu riƙa yo oda katan-katan ka zuba a shago. Na buɗe hoton, na karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, sai na fashe da dariya ni kaɗai har mai ɗakina ta leƙo daga kicin. Yaya, ganyen darbejiya ne aka sarrafa aka cura shi ƙwaya-ƙwaya. Darbejiyar nan tamu ta ƙofar gida, wadda marigayi Baba yake ɗaure ragon layya a gindinta, wadda Inna take mita kullum a kan sharar ganyenta. A nan sunanta nim, littattafan magani kuma su ce nimba. Na so in ba ka amsa a layi biyu, sai na ga tambayar ta fi ƙarfin haka. Makonni na yi ina zagayawa ina tambaya kafin in zauna rubuta wannan, don haka ka nemi wuri ka zauna.

Ashe ma mu ne 'yan aro. Na tashi ina ɗaukar darbejiya kamar kuka ko tsamiya, itacen da kakannin kakanninmu suka tarar. Asalinta nan ne, yankin Indiya da ƙasar Bama, wato Myanmar. Turawan mulki ne suka kai irinta wajenmu: gwamnan Ghana na wancan zamani, Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, shi ya sa aka kai ta can, daga can kuma aka dasa ta a lardin Borno a 1928. Kakan Baba bai san inuwarta ba yana yaro. Amma dubi yadda ta mamaye ƙasa. Titunan Maiduguri da Katsina da Sakkwato duk ita ce, a kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Nijar an jera ta layi-layi tun 1975 don ta tare wa gonaki iska, kuma itatuwan da kuka fake a ƙarƙashinsu a filin Arfa shekarar da ka sauke farali, su ma ita ce. Har sunaye muka raɗa mata kamar 'yar gida, mu darbejiya, wasu dogon yaro, wasu bedi, wasu maina. An dai kawo mana itacen, ba a haɗo mana da littafinsa ba, kuma a kan littafin nan ne mutanen nan suka gina kasuwa.

Abin da ya fara buɗe mini ido fure ne. A shekarata ta farko, wajen ƙarshen watan Maris, na fito da safe zan tafi makaranta sai na ga mata a bakin titi sun baza tsumma, sun kasa ɗanyen mangwaro da sabuwar tsamiya da mazarƙwaila, a gefe kuma ƙananan dammuna na wani farin fure. Mutane na tsayar da babur suna ciniki. Na matsa kusa, ƙamshin ya buge ni, nan take na tuna tsakar gidanmu da daddare lokacin bazara. Furen darbejiya ake saye da kuɗi! Mu da tsintsiya muke bin sa. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai kirki, ita ta yi mana bayani. Washegari ce sabuwar shekarar masu jin Telugu, wadda suke kira Ugadi, kuma abin da kowa ke fara sa wa a baki ranar shi ne wani haɗi mai ɗanɗano shida: furen darbejiya don ɗaci, mazarƙwaila don zaƙi, tsamiya don tsami, ɗanyen mangwaro don bauri, sai gishiri da barkono. Ma'anarsa a wajensu ita ce shekara za ta zo da kowanne, a karɓa gaba ɗaya. Biki ne na addininsu, ba mu shiga ba, amma mai ɗakina ta tambayi awon, bayan kwana biyu ta haɗa mana namu. Ɗacin furen bai kai na ganye ba, yana zuwa a ƙarshe ne, bayan tsami da zaƙi sun wuce. 'Yarka ta tofar, ni na ƙara cokali. Can kudu a jihar Tamil Nadu shanya furen suke yi su ajiye, su soya shi da man shanu su zuba a wani romo na tsamiya da suke kira rasam, a ba wanda zazzaɓi ya tashi ya bar shi da mutuwar baki, ko mai tashin zuciya. Busasshen furen ana samunsa a leda duk shekara.

Ilimin da ke bayan wannan shi ne Ayurbeda, wato ilimin rayuwa a harshen Sanskirit. Manyan littattafansa biyu, na Charaka da na Sushruta, shekarunsu sun doshi dubu biyu, kuma nimba na ciki. Sun raba abin da ke juya jikin mutum gida uku, vata da pitta da kapha, waɗanda in ka sassauta fassara za ka ce iska da zafi da majina. Da na ji ana bayanin sai na ga kamar Inna ce ke magana, in ta ce kaza zafi gare shi, kaza kuma yana ta da sanyi. A lissafinsu darbejiya mai ɗaci ce, mai sanyi, marar nauyi, mai busarwa. Saboda haka tana kashe zafi, tana busar da majina da duk wani abu mai tsatsafo da ruwa, shi ya sa babban aikinta a fata yake: ƙaiƙayi, ƙazuwa, makero, ƙuraje, da wanke miki. Amma a lissafin nan dai, in aka yawaita ta tana ta da iska, jiki ya bushe, ƙarfi ya ragu. Don haka ba sa ɗora ramamme ko mai rauni a kanta na tsawon lokaci. Wannan gaɓar ta burge ni, domin a gida ban taɓa jin mai magani ya ce wa wani darbejiya ba ta dace da kai ba.

Sassa biyar suke lissafawa a jikinta, saiwa da sassaƙe da ganye da fure da 'ya'ya, kowanne da inda aka ajiye shi. Sassaƙen ana dafa shi don zazzaɓi, furen don buɗe ciki da tsutsa, man ƙwallon don shafawa da kashe ƙwarƙwata, ɗanyen reshe kuma asuwaki ne, suna kiransa datun, har yanzu za ka ga tsofaffi da shi a baki da sassafe. Sun kuma sa ta cikin magungunan cututtukan yawan fitsari, inda ciwon suga ya faɗo. Ba kasafai suke ba da ita tsurarta ba. Akwai wani haɗi da ake dafa ta tare da wasu tsirrai huɗu masu ɗaci a cikin man shanu, sunansa Panchatikta ghrita, ma'ana man shanu mai ɗaci biyar, hikimar kuwa ita ce maiƙon ya tare busarwar. Akwai kuma wani mai, Jatyadi taila, da ake shafa wa miki da tsagewar dubura, shi ma da ganyenta a ciki. In yaro ya yi ƙarambau, ganyen ake shimfiɗa masa a gado, a riƙa shafa masa a hankali maimakon susa, a rataya wani a ƙofa. Wannan kam ya haɗu da camfinsu na wata abar bauta da suke danganta cutar da ita, kuma a bikin Bonalu na garin nan, cikin damina, tukwanen da mata ke ɗauka a ka da ganyen darbejiya ake yi musu ado.

Na gwada da kaina. Daminar bara wani ƙaiƙayi ya kama ni a ƙwauri, na sha maganin kemis ya lafa ya dawo, sai wani abokin karatuna ya raka ni asibitin gwamnati na Ayurbeda. Na zaci zan tarar da tsoho a kan tabarma da ƙullin tsumma. Na tarar da gini mai sassa, wurin yankar kati, benci, layi, da ɗakin ba da magani. Kuɗin kati bai kai na shayi da burodi ba. Likitar mace ce, da farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna ta yi shiru, ta duba harshe, sannan ta shiga tambaya: me nake ci, ƙarfe nawa nake barci, ya bayan gida, ina yawan jin ƙishirwa. Da na ce eh, sai ta tura ni gwajin suga a ɗakin gwaji irin na kowane asibiti kafin ta rubuta komai. Ta ba ni garin da zan sha da awonsa a rubuce, da man shafawa, ta ce in dafa ganyen darbejiya in riƙa wanke wurin, ta hana ni kindirmo da kifi da abu mai tsami na wata guda. Dokar abincin nan ta fi maganin wahala. Bayan sati uku ƙaiƙayin ya tafi. Ko maganin ne, ko ɗaukewar ruwa ce, Allah masani, ba zan yi maka rantsuwa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ita likitar. Shekara biyar da rabi ake yi kafin a samu digirinsu, BAMS, har da shekara guda ta sanin makamar aiki, kuma ta jarrabawar shiga makarantun likitanci ta ƙasa ake bi. Suna karanta tsofaffin littattafan nan, suna kuma karanta sassan jiki irin na zamani. Tun watan Nuwamba na 2014 gwamnati ta ware ma'aikata guda sukutum, AYUSH, mai kula da Ayurbeda da yoga da Yunani da Siddha da homiyofati. Yunani ɗin nan shi ne ɗibbun da ya biyo ta hannun su Ibn Sina, Musulmi ne suka fi riƙe shi, likitansa hakim ake ce masa, kuma babban asibitinsa na Nizamiya yana nan daf da Charminar, tsohon ginin nan mai hasumiya huɗu na tsakiyar gari, kusa da masallacin da suke kira Masallacin Makka, inda muke zuwa Juma'a wani lokaci. Su ma darbejiya na cikin kayansu na tace jini. A watan Afrilu na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta maganin gargajiya a Jamnagar ta jihar Gujarat, a 2023 kuma aka fito da biza ta musamman ga masu zuwa jinya irin wannan.

Sai na tuna gida. Ka san tsohuwar nan ta bayan masallaci da Inna ke kai mu wajenta muna yara, wadda ke haɗa mana sirace da ganyen darbejiya da na mangwaro da na gwaiba, a lulluɓe mu da bargo mu fito sharkaf da gumi. Matar nan ta san aikinta, kuma ta san inda iyakarta take, don na tuna ranar da ta ce a wuce da Yaya Babba asibiti. Ta rasu, ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya daga abin da ke kanta. Waɗanda suka cika kasuwa yanzu su ne masu mota da amsa-kuwwa, jarka ɗaya tana maganin basir da sanyi da taifot da raunin maza, awon kuma rabin kofi ne, ba a faɗi wane kofi ba. Na san NAFDAC na ba magungunan gargajiya lamba, kuma akwai masu ƙoƙari a cikin masu kantin maganin Musulunci, ban raina musu ba. Amma makarantar da za ta yaye mutum, a ba shi lasisi, a ƙwace in ya yi ɓarna, ita ce har yau ban ga ta tsaya da ƙafarta a wajenmu ba.

A kanti kuwa, darbejiya ko'ina. Akwai sabulun Margo, kore shar, wanda aka fara yi a Kalkata tun 1920, yana warin man darbejiya ba ɓoye-ɓoye, kuma bai fi kuɗin sabulun wanka na yau da kullum ba. Akwai ruwan wanke fuska na Himalaya, kamfanin da wani Musulmi, Muhammad Manal, ya kafa a 1930, wanda kusan kowace ɗaliba ke da shi a jaka. Dabur ɗin da kake sayar da man goge bakinsu, tun 1884 suke, da haɗa maganin Ayurbeda suka fara. Hamdard na Delhi, na hakimai, suna da Safi, ruwan ɗaci da 'yan mata ke toshe hanci su sha saboda ƙuraje. Kowace roba da ranar yi, da ranar lalacewa, da lambar rukuni, da lambar lasisi, da sunan kowane tsiro da nauyinsa. Abin da zai fi ba ka mamaki a matsayinka na ɗan kasuwa shi ne farashi a buge yake a jikin kaya, MRP suke ce masa, doka ta hana mai kanti ya wuce shi. Ba zancen an ga baƙon fuska a ƙara. Ka taɓa waya ka yi oda, kafin ruwan shayi ya tafasa yaro ya iso da babur, ka biya ta waya, ko canji ba a nema.

Babban cinikin darbejiya ma ba a kantin magani yake ba, a gona yake. 'Ya'yan da ke zubewa a ƙofar gidanmu yara na wasa da su, nan mata da yara a ƙauyuka tsince su suke yi a farkon damina su kai wa masu awo. Ƙwallon ciki kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na nauyinsa mai ne, tunkuzar kuma taki ce da ke korar tsutsar ƙasa. Tun 2015 gwamnati ta wajabta a shafe duk takin yuriya da man darbejiya kafin a kai wa manomi. Dalili biyu ne: takin yana narkewa a hankali shuka ta fi amfana, sannan masu karkatar da takin tallafi zuwa masana'antu sun rasa yadda za su yi da shi. Da na ji na biyun sai na ce ashe halin ɗaya ne ko'ina. Maganin ƙwarin da ake yi da ita kuwa a Afirka Turawa suka farga da shi. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, yana Sudan fara ta sauka ta cinye komai ta bar darbejiya tsaye da ganyenta, ya bi diddigi. A 1968 aka ware sinadarin a Ingila, aka sa masa suna azadirachtin. Da kuɗi suka shigo sai rigima ta biyo baya. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka haƙƙin mallakar wata hanyar kashe funfuna da man darbejiya. Mutanen Indiya, cikinsu har da Vandana Shiva, mai fafutukar kare muhalli, suka ce wannan ai abin da manomanmu suka daɗe suna yi ne. Aka soke rajistar a 2000, aka ɗaukaka ƙara, aka sake tabbatar da sokewar a 2005. Sun ci ne saboda sun kawo shaida cewa ana yi tun kafin kamfanin ya zo. Daga baya gwamnati ta tattara dubban haɗe-haɗen tsofaffin littattafai a rumbun kwamfuta, don duk wanda ya zo da'awa a buɗe masa shafi. Na tambayi kaina, in wani ya yi rajistar sabara ko marke gobe, wace takarda za mu ɗauko?

Kada ka ɗauka komai a nan zinariya ne. Dokarsu ta ce in haɗi yana cikin tsofaffin littattafan da aka amince da su, ana ba da lasisin yin sa ba tare da irin gwajin da ake yi wa maganin asibiti ba. Ke nan lambar lasisi shaida ce ta cewa an bi littafi, ba ta ce an gwada a kan mutane an ga ya warkar ba. Masu amsa-kuwwa ma akwai su, sai dai nasu a talabijin suke. A 2024 sai da Kotun Ƙoli ta sa kamfanin Patanjali da Baba Ramdev, malamin yoga da ke tallata kayansa, suka buga neman afuwa a jaridu saboda tallan warkar da cututtukan da ba su da hujja a kai. Wasu haɗe-haɗen kuma da gangan ake sa musu ƙarafa da aka ƙone, kuma wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka a 2004 ya samu dalma ko zaiba ko arsenik a 14 cikin 70 na magungunan Ayurbeda da aka sayo a kantuna. Ni kaina an taɓa yi mini. Wani asibitin kuɗi da ba zan kama suna ba, na raka wani ɗan Zariya da ya kawo mahaifinsa jinyar ƙoda, tun daga ƙofa da suka ga baƙar fata lissafi ya canza, suka jero mana kwalabe na wata uku da alkawarin ba sai an yi wankin ƙoda ba. Na ja shi gefe na ce mu tafi. Likitan dattijon na asibiti ya ce da ya sha da abin ya ƙara lalacewa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayinmu na Musulmi. Duk maganin ruwa da sunansa ya ƙare da arishta ko asava, tsima shi ake yi makonni har ya yi barasa da kansa, tana iya kai wa kashi 12 cikin 100. Shahararre a cikinsu shi ne Ashokarishta, na sassaƙen wani itace mai jan fure da ake kira ashoka, wanda ake ba mata saboda rikicin al'ada, kuma ba mamaki irinsa ya riga ya isa kantunan gida. Wasu haɗe-haɗen kuma da fitsarin saniya ake yi, in ka ga kalmar gomutra a jiki shi ke nan. Ba ɓoyewa suke yi ba, a rubuce yake, mu ne ba ma karantawa.

Ita darbejiyar ma da sharaɗinta, kuma wannan ina roƙonka ka karanta wa Inna da Anti. Man ƙwallonta na shafawa ne. Kada a ɗura wa jariri ko ƙaramin yaro ko da cokali ɗaya. Likitoci a Maleshiya da kudancin Indiya sun rubuta yaran da aka ba suka kama amai da jijjiga da suma, wasu suka rasu. Mai ciki ta bar shan ta. Mai shan maganin suga ya yi hattara kada su haɗu su kayar da shi. Masana a nan sun daɗe suna binciken man a matsayin abin hana ɗaukar ciki, don haka kai da ke shirin ƙara aure, a bar ta a fata. Zazzaɓin sauro kuma, sirace na sa a ji daɗin jiki, amma ba ya maye gurbin gwaji da maganin asibiti, musamman ga yara. Ita kanta likitar Ayurbedan da na tambaya haka ta ce.

Ta wani ɓangaren mun fi su. A unguwar da muke, ta Tolichowki, benaye sun cinye fili, mai son ɗanyen ganye sai ya saya ko ya roƙa, kai kuwa hannu kawai za ka miƙa ta kan katanga. A 2021 da 2022 wata cuta ta bi darbejiyoyin jihar Telangana, inda Haidarabad take, rassa na bushewa daga sama, mutane suka shiga damuwa kamar an yi musu rashi. Zogale ma haka: su sandunan 'ya'yansa suka fi ci a miya, ganyen su niƙa su ɗura a roba su tura Turai, amma kwaɗon zogale da ƙuli irin na Inna ban ga mai yin sa ba.

To ga amsar tambayarka. Kada ka sa kuɗinka a odar ƙwayar nan. Ka lissafa canjin naira, da kuɗin jirgi, da kwastan, da rajistar NAFDAC, duk don ka kawo wa Bakano ganyen da ke zuba a kan rufin shagonka. In da abin da ya cancanci a ɗauko daga nan, ƙaramin injin matse mai ne, irin wanda ke aiki ba tare da ya ƙona man ba, da kuma sanin yadda ake haɗa sabulu da awo. Na ga irin injinan a wata unguwar masana'antu a gefen gari, ban yi ciniki ba tukuna, ina jira in ji ra'ayinka. Kafin nan ga abin da za a gwada ba tare da an kashe ko sisi ba. In 'ya'yan suka nuna suka fara zuba, ka sa yara su tsince kullum, kada su kwana a ƙasa. A murje ɓawon a wanke a ranar, a shanya a inuwa mai iska, a zuba a buhun algarara ko kwando, ban da leda, don in suka yi funfuna sun zama guba. Ka auna mini kwano nawa itacen ƙofar gida kaɗai zai bayar, ka kuma tambayi masu waken Dawanau ko za su sayi man don adana wake, tunda maganin ƙwarin da ake zubawa ya sha jawo wa wakenmu baƙin jini a waje.

Ɗan Zariyan nan zai dawo da mahaifinsa ƙarshen wata in Allah ya yarda, jikin da sauƙi. Na ba shi sabulu shida, uku na Inna uku na Anti, da ledar busasshen fure guda ɗaya, ba don a ci ba sai don Inna ta gani da idonta, na san in a waya na faɗa mata cewa za ta yi ƙarya nake. In wani zai taho, a taimaka mana da kuka da daddawa da yajin ƙuli, namu ya ƙare tun azumi. Ka gaishe da Malam Liman da mutanen layi, ka ce wa Inna 'yar jikarta ta iya Fatiha.

Naka ƙane,
daga Haidarabad.